Naman Layyar Ɗan'uwa: A Karɓa Ko A Mayar?

Maman Rifkatu: Salama jama'ar Allah. Akwai maganar da ta hana ni barci, gara in kawo ta nan da a yi ta ƙus-ƙus a bakin rijiya. Washegarin Sallah yayan Inna Lami ta ikkilisiyarmu, wanda shi musulmi ne, ya aiko jikokinsa da kwanon nama, cinya guda da ɗan kitse, kamar yadda ya saba tun rasuwar mijinta. Ita kuwa ta ce su mayar, wai an faɗa a taron matasa cewa duk mai bi da ya ci naman layya ya ɓata tsarkinsa, kada ya kusanci jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a sujada. Yaran suka juya da kwano a ka, unguwa na kallo. Yau kwana huɗu yayan nata ko gaisuwarta ba ya amsawa. Uwa ɗaya uba ɗaya fa. Ina so in ji, wannan koyarwar ikkilisiya ce ko ta mutum ɗaya?

Bitrus: Mama, ba sai an yi nisa ba, ni na faɗa kuma ban janye ba. A Ayyukan Manzanni 15 manzanni sun taru a Urushalima, suka sauke wa al'ummai nauyin kaciya da sauransu, amma suka bar abu huɗu, cikinsu har da naman hadaya. Layya kuwa hadaya ce, masu yin ta ma ba su ce liyafa ba ce. Mu kuma Ibraniyawa 10 ta gaya mana Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, an gama. To in na zauna na ci daga wata hadaya bayan wannan, me nake shaida wa mai kallona?

Malam Yohanna: Bitrus, ka gutsure ayar. Abin da aka miƙa wa gumaka aka ce. Wane gunki ka gani a gidan yayan Inna Lami?

Ayuba: Ni dai na riga na ci, har na suɗe yatsu. In akwai hukunci a sanar da ni da wuri in shirya.

Saratu: Ayuba don Allah, magana ce babba.

Malam Yohanna: Bari in ƙarasa. Duk ƙasar Sumaila da Wudil ku nuna mini mahauci ɗaya da ba musulmi ba. Tsiren da kuke saye ranar kasuwa, balangun da ake nannaɗo muku a takarda, wa ya yanka? Da sunan wa? Da bisimillar da aka yi wa ragon layya aka yi wa wannan sa. Bulus ya san irin wannan zama sarai, shi ya sa a 1 Korinti 10:25 ya ce a ci duk abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bin diddigi ba, a aya ta 27 kuma ya ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka ajiye maka. Kuma ku tuna Korinti gari ne mai ɗakunan gumaka na gaske, naman kasuwarsu da yawa daga can yake fitowa.

Bitrus: Malam, ni ma kai ka tsaya a hanya. Karanta aya ta 28. In aka ce maka wannan naman hadaya ne, kada ka ci, saboda wanda ya faɗa maka da kuma lamiri. Naman mahauta ciniki ne, ba wanda ya ce ibada yake yi. Na layya kuwa ba sai an faɗa ba, yaro na sallama zai ce ga naman layya in ji Baba. Sunan ya riga kwanon shigowa.

Malam Yohanna: Wannan ka kama ni kaɗan, ban musa ba. Amma lamirin wa ake nufi? Aya ta gaba ta ce ba naka ba, na wancan ne. To lamirin yayan Inna Lami da aka mayar wa kwano a gaban jikokinsa, an gyara shi ne ko an fasa?

Barnaba: Ku ba ni dama, don ni abin a gidanmu yake. Kun san duk dangina musulmi ne, kun kuma san abin da na sha kafin aka koma gaisawa da ni. Ni ba na cin naman layya. Ba don na ga aljani a ciki ba. In na ci, zuciyata ba ta kwanciya, tana mayar da ni wani wuri da na baro, Romawa 14:23 kuwa ta ce mai shakka in ya ci ya jawo wa kansa hukunci. Amma ban taɓa mayar da kwanon mahaifiyata ba, kuma ba zan fara ba. Ina karɓa hannu biyu, in ba yaro tukuici, in ce a yi mini godiya. Naman kuma akwai gidajen da na san tukunyarsu ta daɗe ba ta ga maiƙo ba.

Bitrus: Yaya Barnaba, da girmanka, amma wannan ba fuska biyu ba ce? Abin da ka ga bai dace da bakinka ba, ka kai bakin ɗan'uwa?

Barnaba: Ban ce naman ne ba shi da tsarki ba, na ce ni ne mai rauni a wajen. Mai gyambon ciki ba ya cin yaji, amma bai ce a rufe kasuwar barkono ba.

Saratu: Wannan misalin na ɗauka, zan yi amfani da shi a asibiti.

Dauda Direba: Ni ban yi makarantar Littafi ba, labari kawai gare ni. A watan Mayun 2004, lokacin da Kano ta kama bayan rikicin Yelwa, ina yaron mota a cikin birni. Maigidana musulmi ne. Kwana uku ina ƙunshe a ɗakin matarsa, da aka buga ƙofa ya fita ya ce ba kowa sai iyalinsa. Har yau duk Babbar Sallah sai ya aiko mini da soye a leda ta hannun direbobin layinmu. Bitrus ƙanena, kai ka je ka gaya masa hannunsa na da dauɗa. Ni bakina ba zai iya ba.

Bitrus: Yaya Dauda, Allah ya sāka masa da alheri, da gaske nake. Amma alherin mutum ba ya canja koyarwa. Daniyel ma shugaban fadawan Babila yana ƙaunarsa, duk da haka ya ƙi abincin sarki.

Malam Yohanna: Ya ƙi, amma da roƙo da lallami, har ya nemi a gwada su kwana goma da ganye da ruwa. Bai aika yara su juya da akushi a tsakar gari ba.

Baba Dattijo: Jikana ke rubuta mini, in an ga kuskure nasa ne. 'Ya'yana, na ji kowa. Ku kuna karanta naman gumaka a takarda, ni da idona na gan shi, da bakina na ci shi. Mahaifina Bamaguje ne, kowa ya sani. Kafin shuka akan kai baƙin bunsuru gindin tsamiya, a yanka, jini ya sha ƙasa, a kira sunayen iskoki a roƙe su damina. A nan ake babbakawa, a nan ake ci, wanda ya ci kuwa ya shiga alkawarin. Ranar da na ba da gaskiya, abu na farko da na bari ke nan, shi da tukunyar giya. Mahaifina ya yi shekara biyu bai ci tuwon matata ba a kan haka. Saboda haka in ana maganar tsarki kada a ɗauka ban san tsadarsa ba.

Amma na zauna da musulmi sama da shekara sittin, ban taɓa ganin wanda ya kai ragonsa gindin itace ba. Suna tunawa da Ibrahim ne da ragon da aka ba shi a madadin ɗansa. Mu Farawa 22 ta ce mana Ishaku, su suna cewa Isma'ila. Mun saba a nan, mun saba a kan Almasihu, ban ɓoye musu ba ko sau ɗaya. Sai dai saɓani daban, tsafi daban.

Sannan ina da tambaya ga Bitrus. Akuyar Kirsimeti ta gidanku, wa yake yankawa?

Ayuba: Tab.

Bitrus: Baba, Malam na bakin masallaci ake kira. Tun ina yaro haka na taso na gani.

Baba Dattijo: Don me ubanka yake kiran sa, alhali yana da wuƙa yana da hannu? Don maƙwabta su iya ci. Mu muka nemi wannan, ba wanda ya tilasta mu. Shinkafarmu da namanmu suna shiga gidajensu ranar 25 ga Disamba, suna karɓa, alhali su ma akwai masu yi musu wa'azi kada su karɓa. Suka danne, suka karɓa saboda zumunci. In mu muka fara mayarwa, su ma za su fara. Ranar da kwanuka suka daina ƙetare katanga, wata rana wuta za ta kama danga a rasa mai kawo guga.

Bitrus: Baba, na ji, kuma maganar akuya ta shige ni. Amma a bar ni in faɗi abin da nake tsoro. Ibraniyawa 12:14 abu biyu ta haɗa, zaman lafiya da kowa, da tsarki wanda in babu shi ba mai ganin Ubangiji. Mu nan na farkon muka iya, don mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar mutane, kullum a lallaɓa. Yau nama, gobe a ce a je a sha rubutu tunda malamin maƙwabci ne, jibi a ba da 'ya aure don kada a ɓata zumunci. Ina yara za su ga iyaka in ba a ja layi a wani wuri ba? Matasa nawa muka rasa a haka?

Saratu: Wannan tsoron gaskiya ne, ni ma ina da ƙanne. Amma layin da ka ja bai bi ta kan mai shan rubutu ba, ta kan tukunyar marayu ya bi.

Maman Rifkatu: Yawwa Saratu, kin kawo ni inda nake so. Tun ɗazu maza kuna ta jifan juna da ayoyi, ba wanda ya tambayi abin da yaran Inna Lami suka ci a daren. Ni na shiga gidan. Tuwon dawa da miyar kuka, ko daddawa ba ta ji ba. Yara biyar. Rabonsu da nama tun Kirsimeti. Wannan cinyar ita take soyawa ta adana, ta riƙa sa musu tsoka ɗaya-ɗaya har ta kai su mako uku, kitsen kuma ta yi kakiɗe. Mu da muka ce ta mayar, me muka kai a madadinsa? Ban ware kaina ba, zumuntar mata mun yi ankon taron gunduma, kuɗin zane ya fito cikin kwana biyu, amma asusun gwauraye tun girbi ba a sa ko sisi ba. Kuma gonarta har yau ba a yi mata huɗa ba, ga ruwa ya zauna. Yayan nan nata da ba ya amsa gaisuwa, shi yake aiko shanun huɗa duk shekara.

Malam Yohanna: Ban san wannan ba.

Dauda Direba: Ni ma. Kunya ta kama ni wallahi.

Bitrus: Mama, ban yi tunanin shanun ba. Ban ma san Inna za ta ɗauki maganar haka ba, matasa nake yi wa.

Maman Rifkatu: Ɗanta na cikin matasan, shi ya kai mata. Mace ce mai tsoron Allah, aka ce mata jibin Ubangiji, me kake so ta yi?

Baba Fasto: Salama. Ina hanyar dawowa daga jana'iza, yanzu na karanta duka. Abu ɗaya zan yanke a nan, saura sai mun zauna. Ba wanda ke da ikon hana mai bi jibin Ubangiji daga taron matasa, wannan aikin dattawa ne, kuma dattawa ba su taɓa sa wa kowa horo a kan naman layya ba. Ci ko rashin ci, Romawa 14:3 ta riga mu: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Barnaba ya zauna yadda yake, Ayuba ma haka. Tsoron da Bitrus ya faɗa kuwa ba zan share shi ba, za mu ɗauke shi a nazarin Littafi na Laraba, a zo da 1 Korinti 8 zuwa 10 an karanta gaba ɗaya, ba aya ɗaya ba. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake cikakke da Hausa, ba mu da uzurin cin sa gutsure-gutsure.

Gobe bayan la'asar ni da Baba Dattijo za mu je gidan yayan Inna Lami. Bitrus, da kai za mu.

Bitrus: Zan je, Baba. Zan ba shi haƙuri a kan yadda abin ya faru, da zuciya ɗaya. Amma kada a ce na canja ra'ayi, aya ta 28 tana nan ba wanda ya warware mini ita.

Malam Yohanna: Laraba na zuwa, ka taho da ita.

Maman Rifkatu: Kada dai ku je hannu rabbana. Ina da ƙwan zabi ashirin, Saratu ki biyo da safe ki ɗauka. Dauda, maganar huɗa fa?

Dauda Direba: Asabar. Zan yi wa masu garma magana a daren nan, in shanun yayanta sun zo sai su tarar mun fara. Matasa su fito da fartanya, Bitrus kai za ka tara su.

Bitrus: Na ɗauka. Baba Fasto, tambaya ɗaya, in mun je aka kawo mana soye fa?

Baba Dattijo: Sai ka sha ruwa ka yi godiya, ba wanda zai buɗe maka baki.

Ayuba: Naka kason kuma ka naɗo a aljihu, ina bakin hanya.