Za a rage mu ƙarshen wata, waɗanda abin ya taɓa shafa ku zo ku faɗa mana yadda kuka ƙare

Abu Sadiq:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin da nake aiki a Sharaɗa sun tara mu sun ce kasuwa ta ja baya, kuɗin dizal ya cinye riba, don haka za su rage ma'aikata ƙarshen wata. Ba a ba kowa takarda ba tukuna amma manaja yana ta kiran mutane ofis ɗaya bayan ɗaya. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana me aka biya shi, mu dai a duhu muke.

Baban Ilham:
Wa alaikumussalam. Ƙanina wannan kiran ɗaya bayan ɗaya shi ne abin tsoron. Ni a banki aka yi mana haka, za a kira ka a zaunar da kai da fara'a a ce ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka wai don kar sunanka ya ɓaci in za ka nemi aiki wani wuri, to wlh ranar da ka sa hannu a wannan takardar ka zama wanda ya tafi don kansa ba wanda aka rage ba, kuma duk wani kuɗin sallama da ake ba waɗanda aka rage ka yi bankwana da shi. Ni cewa na yi su ba ni takardar na je gida na karanta, suka ɓata rai amma a ƙarshe su suka rubuta min tasu mai cewa rage ma'aikata ne. Abokan aikina da suka sa hannu nan take albashin wata ɗaya kawai suka gani.

Maman Yusra:
Malam Abu kuna da yuniyan? Nan maganar take. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce dole mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da kuma yawan waɗanda zai shafa, sannan wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, amma an bar musu ƙofa cewa za a duba ƙwarewa da riƙon amana, ta nan suke bi su cire wanda ba sa so. Mu a kamfanin lemo shugabannin yuniyan ne suka zauna da su har aka tsayar da abin da za a ba kowa gwargwadon shekarunsa, ga kuɗin hutun da ba mu tafi ba, ga garatuti.

Abu Sadiq:
Hajiya ba mu da yuniyan fa. To ita dokar nawa ta ce a biya?

Maman Yusra:
Ba ta yanke ko sisi ba, cewa kawai ta yi mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta abin da zai biya. Shi ya sa takardar ɗaukarka aiki da littafin dokokin kamfani su ne makaminka, ka nemo su yau ka ɗauki hotonsu a waya kafin a hana ka shiga get. Abin da ta fayyace shi ne notis: wata 3 zuwa ƙasa kwana ɗaya, sama da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba sati ɗaya, shekara 2 zuwa ƙasa da 5 sati biyu, shekara 5 zuwa sama wata ɗaya. In sun ce ka tafi yau sai su biya ka kuɗin notis ɗin, in kuma takardarka ta ba ka fiye da haka ita za a bi.

Ɗan Tudun Wada:
Hmm mu 'yan kwantiragi dai sai Allah. Kamfanin da nake wa aiki suka ce ba su san ni ba, wai ejan ne ya kawo ni, shi kuma ejan ya daina ɗaga waya.

Kawu Direba:
Kar a manta da fansho jama'a. Dokar fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 a albashinka kamfani ya ɗora kashi 10, kuma in ba ka kai shekara 50 ba ka yi wata 4 ba aiki za ka iya cire kashi 25 na abin da ke asusunka, amma sai ka kai takardar sallama, ka ga wani dalilin da zai sa ka dage su ba ka ita. Ni da na je karɓa ne na tarar kusan shekara guda suna cirewa a albashina ba sa turawa, sai da muka haɗu mu da yawa muka kai ƙorafi PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa, sannan kuɗin suka shigo. Ka je wajen kamfanin fanshonka ka karɓi sitetimen yanzu tun kana ciki, da sauran ƙarfinka.

Ɗan Kakuri:
Allah ya sa naku ragi ne ba rufewa ba. Mu a Kaduna kowa ya san masaƙar KTL da aka rufe a 2002, mutane sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu wasu har sun rasu. In ta ƙi sulhu akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano, sai dai shari'a na cin lokaci, gara ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya ɗaya da kowa ya kama gabansa.

Abu Sadiq:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Yanzun nan muka yi magana da mutanen sashenmu mun zaɓi mutum biyu su zama wakilai, kuma mun yarda ba wanda zai sa hannu shi kaɗai. Kawu, in ɗauko sitetimen ɗin da katin aiki kawai ko sai da NIN?