Yaya ake shugabantar ɗan'uwa a harkar kasuwanci?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Ina da shagunan kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina da kuma Jibiya, inda ƙanena yake riƙe da reshen. Ta yaya zan riƙa bin diddigin lissafinsa ba tare da zumunci ya ɓaci ba?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina, matsalar tana farawa ne idan mutum ɗaya kaɗai ake bincika. Ka sanya ƙidayar kaya ta ƙarshen wata ta zama ƙa'ida a kowane shago, har da wanda kake zaune a ciki, sannan wanda yake karɓar kuɗi kada ya zama shi ne mai rubuta littafin ciniki.

Hajiya 'Yar Daura: Ka yanka masa albashi, Alhaji, ka kuma fayyace masa a rubuce iyakar bashin da zai iya bayarwa ba tare da ya tuntuɓe ka ba, domin yawancin rigima daga bashi take tasowa.

Ɗan Kofar Soro: Ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta amince mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Hakan zai raba asusun kasuwanci da kuɗin cefanen gida.