Wane irin kare ya dace da gida mai yara?

Tambaya: Jama'a, wane kare ya fi haƙuri da ƙananan yara?

Amsa: 'Yar'uwa, duba Labrador. Yana da sanyin hali, amma yakan kai kilo 30, ko da wasa sai ya ture yaro. Kullum yana bukatar motsa jiki na awa guda, in bai samu ba ya huce a kan takalma.

Amsa: Ki guji Chihuahua, wani ɗan ƙaramin kare. Ƙashinsa ba ƙwari, yaro na matse shi sai tsoro ya sa ya kai cizo.

Amsa: Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, a cikin 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Allurar ciwon hauka kuwa a wata 3. Kowane iri ne, kada a bar shi da yaro su kaɗai, balle in karen yana cin abinci.