Neman shawara: ƙwayar barci ta fara fin ƙarfina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Wata 8 ke nan da rasuwar mahaifiyata, a hannuna ta cika. Tun daga lokacin gabana ke faɗuwa ba dalili. Ina cikin tuƙa tuwo sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe, sai na ajiye muciya na dafa bango. Da dare kuwa idona biyu har assalatu. Wani mai kemis ya ba ni D5, ya ce ɗaya kullum. Da farko na samu barci. Yanzu sai na sha biyu, ranar da ban sha ba jikina rawa yake. Maigidana bai sani ba. In watsar da ita ne kawai?

Wata ma'aikaciyar jinya: Allah ya jiƙan Mama. 'Yar uwa, kada ki yanke ta lokaci ɗaya. D5 ɗin nan diazepam ce, jiki na sabawa da ita cikin 'yan makonni, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya daina kwatsam zai iya jijjiga kamar mai farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan. In kina Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, a Kaduna kuma na Barnawa. Ki tafi da kwalin, ki faɗi ainihin yawan da kike sha. Ki roƙi a duba jininki da maƙoƙo, domin su ma suna kawo bugun zuciya. In an ɗora ki a kan maganin damuwa irin su sertraline, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ki ji sauƙi, kada ki ce bai karɓe ki ba.

Wata 'yar uwa: Na yi irin wannan bayan haihuwata ta biyu. In abin ya taso, zama nake in ja numfashi ta hanci, in sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, har ƙirjina ya lafa. Na daina shayi da goro bayan la'asar, da safe ina taka yara zuwa makaranta da ƙafa. Amma fa ban bar maganin likita ba.

Wata dattijuwa: 'Yata, ki faɗa wa mijinki yau, ɓoyon ma nauyi ne. Kin yi kukan uwarki kuwa, ko haɗiyewa kika yi don a ce kin yi haƙuri? Samu yayarki ko gwaggonki ku yi zancenta. Ki riƙe azkar ɗinki, ki je asibiti. Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Mai tambaya: Wallahi Hajiya ban yi kukan ba, ni ce babba. Na gaya masa bayan isha'i, ya ce Litinin zai kai ni. Ku sa ni a addu'a.