Tarin da ya ƙi jin magani bayan kwasar kashin kaji

Mai Kiwo, Rigasa:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya kwashe busasshen kashin kaji daga wani akurki da ya daɗe a rufe domin mu kai gona a matsayin taki, kuma ƙurar da ta tashi a ranar sai da ta mayar da gashin girarsa fari. Bayan kimanin mako biyu zazzaɓi da busasshen tari da ciwon ƙirji suka kwantar da shi. An gwada kakinsa ba a sami tarin fuka ba, maganin da aka ba shi kuma bai yi tasiri ba. Shin kashin kajin yana iya zama sanadi?

Ma'aikacin Lafiya, Kawo:
Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba shi lafiya. Bayaninka ya yi kama da cutar histofilasmosis, wadda wani fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, ke haddasawa. Fangas ɗin yana rayuwa ne a cikin ƙasar da kashin tsuntsaye ko na jemagu ya taru a kanta, idan aka tone ta sai ƙwayoyinsa su tashi da ƙura mutum ya shaƙa, alamun kuma kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 17. Yawancin masu ƙoshin lafiya suna warkewa da kansu, amma tana tsananta ga masu raunin garkuwar jiki, musamman masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Hoton ƙirjin mai cutar yakan rikita likita saboda kamarsa da na mai tarin fuka, kuma maganin ƙwayoyin bakteriya ba ya kashe ta. Akan yi amfani da maganin itraconazole, ko amphotericin B idan ta yi tsanani. Ku koma asibiti, ku faɗa wa likita maganar akurkin dalla-dalla, domin ba lallai ne ya tambaya ba.

Maman Yara, Tudun Wada:
Likita, shin ya kamata a raba masa kwano da ɗaki saboda yara?

Ma'aikacin Lafiya, Kawo:
Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, Hajiya. Abin da za a nisanta yara da shi shi ne tarin takin.

Mai Tattabaru, Unguwar Rimi:
Ni dai ba na taɓa ɗakin tattabaruna da tsintsiya sai na yayyafa ruwa ƙasan ta jiƙe, musamman da hunturu, sannan in sa takunkumin N95, domin ƙyallen da muke ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura. Masu hawa cikin silin su kwashe kashin jemagu ma haka ya kamata su yi.