Wa ya taɓa barin hitar lantarki ya koma kananzir?

Baban 'yan biyu, Omagh: Salamu alaikum jama'a. Mun sayi tsohon gida a ƙauye a nan Arewacin Ireland, bututun gas bai iso wajen ba. Hitocin da muka tarar irin masu bulo a ciki ne, su sha wuta da dare a farashin Economy 7 (tsarin da wutar dare ta fi araha), su saki zafi da rana. Da hantsi falo kamar gidan burodi, alhali ba kowa. Kafin magariba sun huce, yara na aikin makaranta da safar hannu. Ina so in koma kananzir. Wanda ya taɓa yi ya ba ni haske.

Ɗan Zazzau a Armagh: Wa alaikumus salam Malam. Na yi, ban kuma yi nadama ba. Amma ka sani ba tukunyar (boila mai ƙona kananzir ta ɗumama ruwa) ce mai cin kuɗi ba. Gidan da aka saba da lantarki ba shi da bututun ruwan ɗumama ɗakuna ko ɗaya, sai an ɗaga katakon ƙasa an ja su ɗaki-ɗaki, an kafa radiyeta, wato ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta ciki ya ɗumama ɗaki. Mu kwana biyar muka yi cikin ƙura, uwargida ta kwashe yara ta koma wajen ƙawarta. Lissafin da ya sa na yarda shi ne, lita ɗaya ta kananzir tana ba da zafi kusan yunit 10 na wuta, tukunyar zamani kuma tana amfani da kusan kashi 90 cikin 100. Ɗauko takardar kuɗin wutarka ka kwatanta. Mai aikin kuwa, kar ka yarda sai mai rajistar OFTEC, ƙungiyar da ke tantance masu aikin tukunyar mai.

Hajiya mai tuwo, Enniskillen: Ku maza kullum lissafin lita. Ku gaya masa ranar da mai ya ƙare mana! Ni a Janairu ya same ni, daren Juma'a. Na saka sanda a tanki, ta fito a bushe ƙarau. Da motar mai ta zo ran Litinin ma tukunyar ta ƙi tashi, iska ta shiga bututu, sai da aka kira mai gyara ya fitar. Yanzu da ya sauka zuwa kwata nake kira. Kuma kuɗin a dunƙule ake biya, lita 300, 500 ko 900, ba kaɗan-kaɗan kamar mitar kati ba. Wanda ya cika tanki a Maris 2022, bayan Rasha ta afka wa Ukraine, shi zai ba ka labarin tashin da farashi ya yi.

Ɗan Zazzau a Armagh: Gaskiya ne Hajiya. Shi ya sa nake cikawa da bazara.

Injiniya na Lisburn: Malam, fara auna bayan gida. Tanki sai ya yi nisan mita 1.8 daga tagogi da rumfar katako, a kan daɓe mai ƙwari, inda tiyon motar mai zai kai. Sayi mai bango biyu, don in ya yoye ya shiga ƙasar maƙwabci, kuɗin sharewa ya fi na tankin nesa ba kusa ba. Ka sa masa kwaɗo, ana zuƙe mai da dare. Ku nawa ne a gidan, banɗaki nawa?

Baban 'yan biyu: Mu shida ne, banɗaki biyu.

Injiniya na Lisburn: To bar zancen kombi, tukunyar da ke ɗumama ruwa nan take ba tulu, ba za ta ɗauki wanka biyu a lokaci ɗaya ba. Nemi mai tulun ajiye ruwan zafi. Kafin nan leƙa cikin rufi ka ga kaurin audugar riƙe zafi da aka shimfiɗa, ka dawo ka faɗa min.