'Yan uku a wajen akuya: riba ko asara?

Mai Kiwo, Kumo: Salamu alaikum 'yan zaure. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda dillalai ke tsawwala kuɗin akuya da zarar an ce tana haihuwar uku-uku. Akuya dai kan nono biyu Allah ya yi mata. Biyu su kama, na ukun, wanda dama shi ne ƙaraminsu, ya tsaya yana zagaye. Tagwayen jar akuya kowanne kan zo da kilo 1.5 zuwa 2, amma a 'yan uku akwai wanda da ƙyar zai haura kilo 1. Sai a yi ta yi masa ɗure safe da yamma, ƙarshenta ya mutu a satin farko, uwar kuma ta rame ta lalace. Ni na ce 'yan uku asara ce, tagwaye sun fi su riba. Wanda ya ƙi ya kawo hujja.

Malamin Dabbobi, Gombe: Wa'alaikumus salam. Malam, ai ka faɗi abin da ke kashe shi da bakinka: ɗure. In aka ɗaga kan ɗan akuya sama, aka buɗe bakinsa aka kwarara madara, ba ya samun damar haɗiya daidai. Wata ta bi maƙogwaro ta faɗa huhu. Za ka ga madara na fitowa ta hanci, yana tari, bayan kwana ɗaya ko biyu numfashi ya fara yin sama-sama, jiki ya yi zafi. Ciwon huhu ke nan, kuma da wuya ya tashi. Ɗan akuya tsotsa yake yi, ba a ɗura masa.

Dattijo, Dukku: Likita, a bi a hankali. Ɗure suna ne na duk abin da ka ba dabba da hannunka saboda ba za ta iya sha da kanta ba. Akwai na gwani, akwai na ɗan koyo. Gwani yakan tsayar da shi kan ƙafafunsa, haɓarsa a miƙe ba a sama ba, ya sa cokali ta gefen baki, ya jira ya ji haɗiyar a yatsansa da ke kan wuya kafin ya ƙara. Tun kafin a san bulumboti haka ake raya na uku.

Malamin Dabbobi: Baba, wannan da ka kwatanta ba ɗure ba ne, shayarwa ce da cokali.

Dattijo: To ɗana, yau kuma kai za ka koya mini Hausa?

Hajiya, Bajoga: Ku kuna faɗa kan yadda za a ba shi, ba ku ce me za a ba shi ba. Dakashi, wato nonon farko da uwa ke fitarwa bayan haihuwa, shi ne maganar. Ɗan akuya na zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, a dakashin uwarsa yake samu, kuma hanjinsa na iya ɗaukar garkuwar ne a ranar farko kawai. Tun daga awa 6 ƙofar take fara rufewa, zuwa awa 24 ta rufe. A samu ya sha cikin awa 2 da haihuwa, kamar mililita (mil) 50 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 1.5 mil 75 ke nan a shan farko. Kafin awa 12 ta cika ya samu aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato mil 150. Kuma a fara tatsar kan nonon sau biyu ko uku, don akwai ɗan toshi kamar kakin zuma a bakinsa. Manyan biyun suna da ƙarfin zuƙe shi, ƙaramin sai ya yi ta tsotsa a banza, mai shi na daga nesa yana cewa ai ya kama. Taɓa cikinsa: in ya sha za ka ji shi a cike, in bai sha ba kwiɓinsa a lotse yake, yana tsaye ya ƙudundune baya.

Dattijo: Madalla Hajiya. To in ba ya iya kamawa, yaya za a yi dakashin nan ya shiga? Ba ɗuren ba dai?

Hajiya: Baba, kada ka ja ni cikin rigimarku. A kulle manyan biyu a kwando minti goma, a riƙe uwar, a tatsa ɗigo a bakinsa a sa masa nonon. Sau huɗu ko biyar a wuni, har kwana uku. Yawanci iyakarta ke nan.

Ɗalibi, Kashere: Akwai dalili a jikin dabbar da ya sa Likita ya fi gaskiya. In ɗan akuya na tsotsa, wani ɗan kwararo a cikinsa kan haɗe ya wuce da madarar kai tsaye zuwa cikin da ke narkar da nono. In kwarara aka yi, kwararon ba ya haɗewa sosai, wata madarar ta faɗa tumbi, wanda bai fara aiki ba tukuna, ta yi tsami a can, ciki ya kumbura. Hanya ɗaya da aka yarda da ita ga wanda ba ya tsotsa ita ce siririyar roba da ake zurawa ta baki har ciki. A auna ta daga baki zuwa haƙarƙarin ƙarshe, a sa alama, a zura a hankali ana jin ta da yatsa a gefen hagu na wuya, sannan a bar dakashin ya gangara da kansa daga sirinji, ba a danna ba.

Dattijo: Allahu Akbar. Ka zura roba har ciki ka zuba, ka ce ba ɗure ba ne? Ashe in ɗan boko ya yi shi sunansa ya canza.

Dillali, Gombe: Ni fa ban ga inda dillali ya yi laifi ba. Mai saye ne ke tambayar 'yar gidan masu uku-uku, mu kuma mu nuna masa. Kuma yawan 'ya'ya na jar akuya ne. Buzuwa mai dogayen ƙafafu ɗaya take yawan haifa, ga nono kamar me. Mutanen Dukku da ke riƙe da buzaye ina suka ga 'yan uku balle su koya wa mutane renonsu?

Dattijo: Kai yaro, je ka ci ladarka a kasuwa. Wanda dabba ba ta kwana biyu a hannunsa ba ya sa baki a maganar reno.

Mai Kiwo: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Na ce riba ko asara?

Malamin Dabbobi: Muna zuwa, Malam. Abu ɗaya da ya fi komai haɗari a ɗuren Baba shi ne sanyi. Da hunturu, ƙaramin 'yan uku ba shi da kitsen da zai ɗumama shi. Sa yatsa a bakinsa: in ka ji sanyi kuma bai tsotsi yatsan ba, kada a ba shi komai, ko da cokali, ko da roba. Zafin jikinsa ya kamata ya kai wajen digiri 39. A goge shi da tsumma ya bushe, a sa shi a kwali da buhu, a naɗe gorar ruwan ɗumi a zane a ajiye a gefensa, har ya iya ɗaga kai. Sannan a ba shi dakashi mai ɗumin jiki. Ba a ɗora dakashi kan wuta, dunƙulewa yake yi, sai dai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Cibiya kuma a tsoma ta a aidin tun a sa'ar farko, a bar tsawon kamar yatsu biyu. Toka da kashin shanu a cibiya su ke kawo kumburin gwiwa bayan sati ɗaya ko biyu.

Dattijo: Wa ya ce a sa kashin shanu? Kada a laƙa mana abin da ba mu faɗa ba.

Hajiya: Tunda an zo kan madara, bayan dakashi madarar saniya ta wadatar in babu ta akuya, amma ba a sirka ta da ruwa, ba a sa sukari, ba a haɗa ta da koko. Kamar kashi 15 cikin 100 na nauyinsa a wuni, a raba huɗu. Cika masa ciki lokaci ɗaya zawo ne. Ramin kan bulumbotin ya zama in ka kifa shi ɗigowa yake, ba zuba ba, in ba haka ba ka koma gidan jiya. In kuwa akwai akuyar da ta haifi ɗaya a ranar, a shafe ƙaramin da ruwan haihuwarta a tura mata, a tsaya a kansu kwana biyu ko uku don tana iya tunkuyinsa. Ita uwar 'yan ukun a ba ta ruwan ɗumi da dusa da ɗan gishiri bayan ta haihu, harawa kada ta yanke, ƙowa da ɗan tunkuza a ƙara sannu a hankali. Ciki wata biyar ne, kuma a sati shida na ƙarshe ake gina nauyin 'ya'yan. Wanda ya bar ta da tsince-tsince a bola a lokacin, shi ya jawo ɗan kilo 1.

Ɗalibi: Hajiya ma ta ce bulumboti. Uku da ɗaya ke nan.

Hajiya: Ɗana, ban shiga ƙuri'ar kowa ba.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. Zaure ya amince cewa ɗure ne ke kashe na uku, kamar yadda Likita ya yi bayani a ilmance, ɗalibinmu kuma ya tabbatar. An yarda a koma bulumboti, kuma duk wanda ɗan akuyarsa ya kasa tsotsa ya nemi malamin dabbobi. Hajiya ta ƙara da 'yan shawarwari kan abinci. Baba na Dukku ya faɗi yadda ake yi a da, mun gode masa. Maganar asara kuwa ba ta taso ba, tunda an gano inda matsalar take.

Dattijo: Wane zauren ne ya amince? Ni dai ban ji an tambaye ni ba. Kuma "a da" ɗin nan a janye ta.

Mai Kiwo: Shugaba, har yanzu ba wanda ya lissafa mini kuɗin madarar wata uku a kan kuɗin ɗan akuya ɗaya.

Dillali: Kawo shi kasuwa in ya kai, sai mu lissafa.